Wane Ne Ke Gaya wa Mutum Ya Ƙoshi?

Idan kana da ɗan'uwa da ya taɓa zama a Abidjan, babban birnin kasuwanci na ƙasar Kodebuwa, tambaye shi mene ne garba. A wurinmu Garba sunan mutum ne, amma a can sunan abinci ne. Akan zuba aceke, wato rogon da aka barza aka turara kamar dambu, a ɗora masa soyayyen kifin teku da ake kira tuna, a yanka ɗanyen barkono da albasa, a murmushe dunƙulen magi, sa'an nan a kwarara masa man da aka soya kifin. Yawancin masu sayar da shi mutanen Nijar ne, ana kuma cewa daga sunan Hausawan da suka fara sana'ar abincin ya samo nasa sunan. Yana da araha, yana riƙe ciki, shi ya sa ɗan dako da ɗan makaranta da yaron mota duk suke layi a gaban mai garba.

Hausawa sun daɗe a unguwanni biyu na wannan birni. Adjame ita ce ta manyan kasuwanni da tashoshin mota. Treichville kuwa tana ƙetaren ruwa, kusa da tashar jiragen ruwa. Akwai 'yan goro, da masu gasa nama, da masu shayi, da masu shaguna. To, a cikin Adjame ɗin nan ne kuma ake da cibiyar kula da masu ciwon sukari ta Abidjan, wadda suke kira CADA, tana aiki tun 1970. A Treichville akwai babban asibitin koyarwa, a harabarsa kuma akwai cibiyar ciwon zuciya da aka kafa a 1976. Mutum yakan bar ƙauye siriri, ya yi shekara goma sha biyar yana zaune a shago, ya yi tumbi, 'yan'uwa a gida su ce ai wane ya samu duniya. Wata rana sai ƙishirwa da yawan fitsari su kai shi ɗaya daga cikin waɗannan wurare biyu.

Wataƙila ka ce, ni manomi ne, abin da ke damuna shi ne rumbu ya kai mu kaka, ina ruwana da ƙiba? Ka yi haƙuri ka karanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba mai cutarwa. Abin ya iso garuruwanmu, yana kuma shigowa ƙauye tare da babur da injin niƙa da lemon kwalba. Ban da haka, bayanin da za ka karanta a nan ya shafi ramamme kamar yadda ya shafi mai jiki, domin tambayar ɗaya ce: me ke sa mutum ya ji yunwa, me kuma ke sa ya ce ya ƙoshi ya janye hannu daga kwano?

Mutumin da ya ɗinke ɓeraye

Har kusan shekara sittin da suka wuce, likitoci da yawa sun ɗauka amsar mai sauƙi ce. Mai ƙiba mai haɗama ne kawai, ya rage ci ya huta. Wanda ya fara girgiza wannan magana wani masani ne mai suna Douglas Coleman. An haife shi a Kanada a 1931. Ya yi karatun sinadaran jiki, ya sami digirin dakta a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 1958. A wannan shekara ya kama aiki a wata cibiyar bincike da ake kira Jackson, a garin Bar Harbor na jihar Maine, a nan kuma ya zauna har ya yi ritaya. Aikin wannan cibiya kiwon ɓeraye ne iri-iri domin nazarin cututtukan gado.

A cikin ɓerayen akwai iri biyu masu ban mamaki. Na farko an gano su a 1949, ana kiransu ob. Ba sa daina ci, sukan yi nauyi har ninki uku na ɓera mai lafiya. Na biyu an gano su a 1966, ana kiransu db. Su ma haka suke ci, haka suke ƙiba, ga ciwon sukari mai tsanani. A ido ba ka iya bambanta su. Dukansu gado suka yi, haka aka haife su.

Coleman ya yi zaton akwai wani abu a cikin jini da ke da hannu a wannan. Don ya gwada, sai ya yi wani aiki mai wuya. Yakan sa wa ɓeraye biyu maganin barci, ya yanka fatar gefensu, ya ɗinke su tare, har ƙananan jijiyoyinsu su haɗu, jinin wannan ya riƙa ratsawa jikin wancan kaɗan kaɗan. Na san wani zai ji tausayin ɓerayen, ni ma ina ji. Amma ka dubi abin da ya fito.

Da ya haɗa db da ɓera mai lafiya, ya sa ran mai ƙibar zai warke. Sai aka sami akasin haka. Mai ƙibar ya ci gaba da cinsa, mai lafiyar kuwa ya daina ci, ga abinci a gabansa, ya rame har ya mutu. An buga wannan sakamako a 1969. Da ya haɗa ob da mai lafiya, sai ob ya rage ci, nauyinsa ya sauka. Da ya haɗa masu ƙibar biyu, ob da db, sai ob ya daina ci ya rame har lahira, db kuwa ko a jikinsa. Wannan ya fito a 1973.

Ka tsaya ka yi tunani a kan gwajin nan uku kamar yadda shi ya yi. Dole akwai wani saƙo a cikin jini mai cewa, “Ya isa, daina ci.” Jikin ob ba ya yin wannan saƙo sam, shi ya sa da ya samu daga jinin maƙwabcinsa ya rage ci. Jikin db kuwa yana yin saƙon da yawan gaske, har ya isa ya hana maƙwabcinsa ci, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta jin saƙon. Ɗaya gida ne da ba ɗan aike. Ɗayan gida ne mai 'yan aike da yawa, amma maigidan kurma ne.

Coleman ya yi shekaru yana neman wannan abu a cikin jini, bai iya ware shi ba, domin kayan aikin zamanin ba su kai ba. Masana da yawa ba su yarda da shi ba. Ya yi ritaya a 1991 ba tare da kowa ya ga abin da ya ce akwai ba.

Sunan ɗan aiken

Wani likita matashi a Jami'ar Rockefeller ta birnin New York, Jeffrey Friedman, shi ya ɗauki aikin a 1986. Shi da abokan aikinsa sun bi ta wata hanya dabam, suka shiga neman ainihin ƙwayar gadon da ta lalace a jikin ob. Sun yi shekara takwas suna haɗa ɓeraye suna haihuwa suna bin sawun gadon. A watan Disamba na 1994 suka bayyana cewa sun same ta. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne inda ake yin saƙon: kitsen jiki ne da kansa ke yin sa. Kafin nan ana ɗaukan kitse kamar buhu ne kawai da ake ajiya a ciki. Ashe yana magana da ƙwaƙwalwa.

Aka sa wa sinadarin suna leptin, daga wata kalmar Girkanci mai nufin siriri. A 1995 aka yi wa ɓerayen ob allurarsa, cikin mako biyu suka zubar da kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsu. Aka yi wa db, bai yi musu kome ba. Ba da jimawa ba aka gano cewa wurin karɓar saƙon a ƙwaƙwalwar db ne ya lalace. Duk abin da Coleman ya faɗa shekara ashirin da wani abu kafin nan ya tabbata. Ya rayu ya gani. Shi da Friedman sun sami manyan lambobin yabo tare, har da lambar Sarki Faisal ta ƙasar Saudiyya a 2013. Ya rasu a 2014.

Ga yadda abin yake aiki. Ka ɗauki kitse a matsayin rumbun jiki. Leptin shi ne yaron da ake aikawa ya leƙa rumbu ya dawo ya faɗa wa maigida yawan hatsin da ya rage. Maigidan wani ɗan ƙaramin wuri ne a ƙasan ƙwaƙwalwa, bai fi ƙwayar gyaɗa girma sosai ba, shi ke kula da yunwa da ƙishirwa da zafin jiki. Idan kitse ya ragu, leptin ya ragu, sai maigida ya ba da umarni: a ƙara yunwa, a rage kashe ƙarfi, a dakatar da duk abin da ba dole ba. Shi ya sa wanda ya daɗe cikin yunwa yake jin sanyi da kasala, tunaninsa kullum a kan abinci. Shi ya sa kuma macen da ta rame ƙwarai al'adarta takan ɗauke, ciki ya yi wuyar shiga. Jiki ya ga rumbun ba zai iya ciyar da mutum biyu ba.

A jikin ɗan Adam fa?

A 1997 wasu likitoci a Kambirij ta Ingila, Stephen O'Rahilly da Sadaf Farooqi, suka sami yara biyu 'yan dangi ɗaya, asalinsu daga Pakistan. Yarinyar tana da shekara 8, nauyinta kilo 86. Yaron yana da shekara 2, nauyinsa kilo 29. Tun suna jarirai ba sa ƙoshi, kullum kukan abinci. Da aka auna jininsu, kusan babu leptin. Aka fara yi wa yarinyar allurar leptin kowace rana, yunwar ta lafa, cikin shekara ɗaya ta rage fiye da kilo 16. Ka tuna da irin maganar da iyayen yaran nan suka sha daga mutane kafin a gano dalilin.

Duniya ta ɗauka an sami maganin ƙiba ke nan. Wani kamfanin magani na Amurka ya biya dala miliyan 20 don ya mallaki haƙƙin sayar da leptin. Amma murna ta koma ciki. Masu irin ciwon yaran nan kaɗan ne ƙwarai a duniya. Da aka auna sauran masu ƙiba a 1996, sai aka ga leptin ɗinsu ya ninka na sirara kusan sau huɗu. Sun fi kama da db, saƙo yana nan amma kunne ya yi nauyi. Da aka gwada yi musu allurar, yawancinsu ba su rage abin kirki ba. Abin da aka fahimta daga baya shi ne, ƙwaƙwalwa tana firgita idan rumbu ya fara raguwa, amma ba ta cika damuwa idan ya cika ya batse ba. Ga kakanninmu da suka sha fari da yunwa, wannan tsari shi ya raya su.

Leptin ba shi kaɗai ba ne ɗan aike. A 1999 masana a Japan suka gano wani da tumbi ke fitarwa idan babu kome a cikinsa, sunansa girelin, shi ke kawo ƙugin yunwa kafin lokacin abinci. Hanji ma yana da nasa saƙonni da yake aikawa bayan an ci, masu cewa an ƙoshi. Waɗannan sukan ɗauki lokaci kafin su isa, shi ya sa mai ci da sauri yakan wuce ƙoshi kafin ya sani.

Abu biyu kuma ya kamata ka sani. Na farko gado. A ƙasar Denmak an bi diddigin mutum 540 da aka ba da su riƙo tun suna ƙanana. Sakamakon da aka buga a 1986 ya nuna jikinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na waɗanda suka rene su ba. Mata biyu za su ci daga tukunya ɗaya, ɗaya ta yi jiki, ɗaya tana nan kamar kara. Na biyu, jiki yana gardama da mai son ragewa. A 1995 masana a Rockefeller suka nuna cewa idan mutum ya rage kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa, jikinsa yakan rage yawan ƙarfin da yake ƙonawa fiye da yadda ake tsammani. Wani bincike a Ostareliya a 2011 ya nuna har bayan shekara guda sinadaran yunwar ba su koma daidai ba, mutanen suna jin yunwa fiye da da.

Saboda haka a ganina bai kamata a yi wa mai ƙiba ba'a ba, ko a gida, ko a taron mata, ko a asibiti. Mu ma'aikatan jinya ma wannan magana ta shafe mu. Matar da aka kunyata a kan sikeli a gaban mutane ba za ta sake zuwa awo ba, sai ranar da aka kawo ta a kwance.

To, me ya canja a Adjame?

Idan gado ne, me ya sa kakan mai shagon nan bai yi tumbi ba? Domin jikin ɗaya ne, zaman ne ya canja. Kakan yana fita gona da sassafe a ƙafa, ya yi noma har rana ta take, ya ci tuwon dawa da miyar kuka. Mai ɗan kaɗan ne, sukari sai da biki. Jikan kuwa yakan shiga ƙaramar motar haya da suke kira baka ya je shago, ya zauna daga safe zuwa dare. Da safe shayi mai madarar gwangwani da burodi. Da rana garba. Da yamma aloko, wato soyayyar agada, a kora da lemon kwalba. Kowane lungu akwai mai suya, kuma abinci mai maiƙo ya fi mai ganye araha.

Ba aceke ko kifin ne abin tsoro ba. Kifi abinci ne mai kyau. Ka dubi man. Babban cokali ɗaya na mai, kowane iri ne, man ja ko man gyaɗa, sai ka yi tafiyar kusan rabin awa kafin jiki ya ƙone shi, ga shi ba ya cika ciki. Kwalbar lemo ta santilita 35 tana ɗauke da sukari kimanin ƙaramin cokali 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin 12 a yini, in ma ya tsaya a 6 ya fi. Abin da aka sha ba ya sa ƙoshi kamar abin da aka tauna, saboda haka mutum yakan sha lemon ya kuma ci abincinsa cif. Giya da burkutu ma haka suke tara tumbi.

Akwai kuma barci. Mai shayi da mai gasa nama sukan kai tsakar dare, su tashi da asuba. A Shikago a 2004 an hana samari 12 barci, awa huɗu kawai suke yi, dare biyu. Leptin ɗinsu ya sauka da kashi 18 cikin ɗari, girelin ya hau da kashi 28, suka riƙa marmarin kayan zaƙi da na gishiri.

Wani abin da ya fi damuna ya shafi ƙauye kai tsaye. Wani likitan Ingila, David Barker, ya nuna cewa jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi ya fi shiga haɗarin hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya in ya girma, musamman idan daga baya ya yi ƙiba. An ga irin wannan a Holan, a jikin waɗanda suke ciki lokacin yunwar yaƙi ta 1944 zuwa 1945. Wato yaron da ya sha tamowa a ƙauye, ya girma ya tafi birni ya sami mai da sukari, ya fi ɗan birni shiga hatsari. Ciyar da mai ciki da yaro ƙarami da kyau yana kare su har tsufa.

Maganin ƙiba na kasuwa

A wurare da yawa ana ganin jiki alamar hutu ne. A Abidjan har gasar kyau ake yi ta mata masu jiki, ana kiranta awulaba. Mu ma a nan, amarya in ba ta yi jiki ba sai a fara tambaya ko mijin ba ya ciyar da ita, ramamme kuwa a riƙa raɗa cewa ko yana da ciwon zamani. Wannan ke tura mata da 'yan mata neman ƙwayoyin ƙiba. A Adjame akwai wata kasuwa da ake kira Roksi, wadda ta yi suna wajen sayar da magunguna a kan titi, hukuma ta sha kai mata samame. Irin kayan nan ne kuma kake gani a faifan 'yan talla ranar kasuwarmu, ana kiransu sha-ka-fashe.

'Yar'uwa, ki san abin da ke ciki. Yawanci iri biyu ne. Ɗaya maganin ƙaiƙayi ne da borin jini, sunansa cyproheptadine, yana buɗe ciki yana sa barci. Ɗayan shi ne dexamethasone ko ɗan'uwansa prednisolone. Waɗannan magunguna ne masu ƙarfi, muna ba da su a asibiti don asma mai tsanani da wasu cututtuka, da awo, na 'yan kwanaki. Wadda ta sha su wata da watanni fuskarta takan yi zagaye, ciki da bayan wuya su tara kitse, hannu da ƙafa su sirance, fata ta yi zane-zane ta yi laushi. Jiki yana riƙe ruwa da gishiri. Sukari yana hawa, jini yana hawa, ƙashi yana rauni, gyambon ciki yana iya tashi, ciwo kaɗan ya ƙi warkewa. Kumburi ne ake gani a ce jiki ne.

Idan kin daɗe kina sha, kada ki daina rana ɗaya. Jikin ya saba, ya daina yin nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya tana iya sa jini ya faɗi har mutum ya suma ko ya rasa rai. Ki kawo kwalin ko ƙwayar asibiti, za a rage miki a hankali. Ba wanda zai yi miki faɗa.

Wataƙila kuma ka ji labarin sababbin allurai na rage ƙiba, irin su Ozempic da Wegovy. Suna kwaikwayon ɗaya daga cikin saƙonnin ƙoshi na hanji, kuma suna aiki. Amma suna da tsada ƙwarai, suna bukatar kulawar likita, idan aka daina kuma yawancin nauyin yakan dawo. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa akwai na jabu suna yawo. Kada ka saya a hannun ɗan kasuwa. Haka ma shayin da ake talla wai yana narkar da tumbi, da yawansu gudawa ko fitsari kawai suke sawa.

Abin da za ka iya yi

Fara da awo, ba sai da sikeli ba. Nemi zare ko igiya, ka yanka daidai tsawonka daga kai zuwa ƙafa. Ninka shi biyu. Zagaya shi a cikinka, ɗan sama da cibiya, kana tsaye, ba tare da ka shanye ciki ba. Idan bakin biyu sun haɗu, madalla. Idan ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, shi ne kuwa ya fi kawo ciwon sukari da hawan jini, ya fi na cinya da ɗuwawu haɗari. Wannan awo ba na mai ciki ba ne, ba kuma na ƙananan yara ba.

Idan zaren bai haɗu ba, ko akwai mai ciwon sukari a danginku, ko ka wuce shekara arba'in, ka zo a auna maka jini da sukari. Ka zo da safe kafin ka ci kome. Sukarin da ya kai 126 kafin karin kumallo, aka maimaita aka sake samu, ciwon sukari ne. In ɗan'uwanka ya kawo takarda daga Abidjan ko Nijar za ka ga an rubuta 1,26, abu ɗaya ne. Awon jini da ke kai 140 bisa 90 a kai a kai hawan jini ne, ko da ba ka jin kome.

Ba a bukatar ka koma kamar lokacin samartaka. A wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2002, an bi mutum fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka taimaka wa su rage kimanin kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma yi tafiya da sauri na minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, wannan kilo 6 ne kawai. Minti 150 kuwa rabin awa ne, kwana biyar a mako.

Tun da ka san jiki yana firgita idan rumbu ya ragu da sauri, kada ka hana kanka abinci gaba ɗaya. Wanda ya wuni bai ci ba yakan rama da dare. Rage a inda jiki ba zai lura sosai ba. Auna mai da cokali, kada a tuttula daga kwalba. In za ka ci garba, ce wa mai sayarwa ya rage man, ya ƙara albasa da tumatir. Rage malmalar tuwo, ƙara miyar ganye: zogale, rama, alayyafo, kuka, kuɓewa. Wake da gero da dawa da acca suna daɗewa a ciki fiye da farin burodi da farar shinkafa. Kunu da fura da shayi, a rage musu sukari kaɗan kaɗan har harshe ya saba. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini ga mutum ɗaya, ka kuma tuna dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Ci a zaune, a hankali, ka dakata kaɗan kafin ka nemi ƙari. Abin ya fi sauƙi idan gidan duka aka canja girki, domin mutum ɗaya ba ya iya ware tukunyarsa har abada.

Mai ciki da mai shayarwa kada su rage abinci don neman rama. Yaro mai jiki ma ba a hana shi abinci, sai dai a janye masa lemo da alewa da biskit, a bar shi ya yi wasa. Yaron da tun yana jariri ba ya ƙoshi, nauyinsa kuma ya zarce na tsaransa nesa, a kawo shi likita ya duba.

Idan kuwa kana ramewa ba tare da ka rage ci ba, kada ka yi murna, kada kuma ka nemi sha-ka-fashe. Ciwon sukari yana ramar da mutum, haka tarin fuka, haka ƙanjamau, haka ciwon maƙoƙo mai sa bugun zuciya, duk kuwa ana gwajinsu ana kuma maganinsu. In akwai yawan ƙishirwa, ko tashi fitsari sau da yawa da dare, ko tari da ya wuce mako biyu, ka zo cikin makon nan, ka taho da duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya.